Wa Zai Riƙe Mini Yaro Idan Na Koma Aiki? Tambayoyi da Amsoshi Kan Neman Reno

Hutun haihuwa kamar ƙiftawar ido yake. Jiya-jiya aka sallamo ki daga asibiti, yau ga ki kina ƙirga kwanakin da suka rage da yatsu. Jaririn da ko wanka kika shiga sai kin kasa kunne, shi za ki miƙa wa wata ki yi tafiyarki ta awa takwas ko tara. Tambayoyin nan su ne waɗanda iyaye suka fi yi idan an zo wannan gaɓar. Na amsa su da abin da masana lafiyar yara suka tabbatar, da kuma abin da idona ya gane mini lokacin da nake neman inda zan ajiye nawa biyun. Da uwa nake magana a yawancin wurare, amma uba kada ya ce ba da shi ake ba.

Yaushe zan fara nema?

Tun kina da ciki in da hali, ko da zarar jikinki ya warware. A gidajen reno masu kyau ɗakin jarirai ne ke fara cika, domin jarirai sun fi cin ma'aikata. Ki ba kanki aƙalla wata biyu, ɗaya na nema da ziyara, ɗaya na gwaji da sabo. Wadda ta bari sai ana jibi komawa aiki, duk wadda ta faɗo hannunta ita za ta ɗauka, ko zuciyarta ba ta kwanta ba.

Akwai watannin da ya kamata jariri ya cika kafin a bar shi a hannun wani?

Babu adadin da likitoci suka yanke. Galibi dokar aiki ce da aljihu ke yanke hukuncin. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a shekarar 2000, ta ce kada hutun haihuwa ya gaza mako 14, shawarar da ke tafe da ita kuma ta so a kai shi mako 18. Ƙasashe sun sha bamban ƙwarai. A Suwidin uwa da uba suna raba kwana 480 a tsakaninsu. A Amurka kuwa dokar tarayya ta 1993 mako 12 ta bayar, babu albashi a ciki, kuma ba kowane ma'aikaci ta shafa ba.

Kowane lokaci da tasa wahalar. Ɗan wata uku ko huɗu ba ya ƙiwa sosai, kowa ya ɗauke shi zai yarda, amma jikinsa bai yi ƙwari ba kuma nono ne kaɗai abincinsa. Ɗan wata tara zuwa shekara ɗaya da rabi ya fi ƙarfin jiki, sai dai a nan ne ƙiwa take kan ganiyarta. Idan za ki iya haɗa hutun shekara da na haihuwa, ko ki fara da rabin yini na 'yan makonni, ki nemi hakan tun da wuri kuma a rubuce.

Wanne ya fi: dangi, mai reno a gida, ko gidan reno?

Wannan ce tambayar da kowa ke so a ba shi amsa ɗaya tak, ni kuwa ba ni da ita. Na ga kakar da ta fi kowace ƙwararriya, na kuma ga gidan reno da ya fi zama da dangi nesa ba kusa ba.

Dangi suna da abin da kuɗi ba ya saye, wato ƙauna da amana. Matsalarsu ita ce gyara. Wadda kike biya za ki iya ce mata "kada ki sake", amma mahaifiyarki ko surukarki sai kin yi ta kewaye-kewaye. Ga kuma batun ƙarfi: riƙon jariri ɗan wata huɗu daban, bin ɗan shekara biyu da ke hawa kujera yana buɗe durowa daban. Kakar da ta ce "ku kawo shi" da zuciya ɗaya tana iya gajiya bayan wata shida ta kasa faɗa don kunya.

Mai reno a gida tana ba yaro kulawa shi kaɗai, yana barci a gadonsa, ba ya yawan kwaso mura, ba kya tashinsa da asuba ki shirya shi. Amma babu ido na biyu. Abin da ya faru tsakanin fitarki da dawowarki ita kaɗai ta sani, kuma ranar da ta kwanta ciwo ko ta yi tafiya, aikinki ya tsaya.

Gidan reno ba ya fashi don mutum ɗaya bai zo ba, ma'aikata suna ganin juna, kuma yaron da ya fara tafiya yana samun abokan wasa. A ɗaya gefen, lokacin buɗewa da rufewa ba ya sassauci, cututtuka suna yawo, ma'aikata kuma sukan yi ta canzawa. Akwai na tsakiya, wato mace mai renon yara kaɗan a gidanta, wanda yakan fi sauƙin kuɗi kuma ya fi kama da gida, amma kyansa ko muninsa duk a kan halin mutum ɗaya ya rataya.

Ra'ayina, ga wanda bai shekara ba, na fi karkata ga duk tsarin da zai sa fuska ɗaya ce take karɓarsa kullum. Jariri da mutum yake sabawa, bai san gini ba.

Ina jin kamar na zalunce shi. Barinsa zai rage shaƙuwarmu?

An yi bincike mai tsawo a kan wannan. A 1991 Cibiyar Nazarin Lafiyar Yara ta Amurka ta fara bin diddigin yara sama da 1,300 tun daga haihuwa. Abin da ya fito fili shi ne yanayin gida da yadda iyaye ke kula da yaro sun fi tasiri a kan girmansa fiye da inda aka rene shi da rana. Reno shi kaɗai bai raba yaro da uwarsa ba. Matsala takan taso ne idan abu biyu suka haɗu: reno mara kyau, da kuma uwar da ba ta lura da buƙatun ɗanta idan suna tare. Yaran da suka samu reno mai inganci sun ɗan fi a harshe da fahimta. Binciken ya kuma nuna cewa yaran da ke shafe awanni masu yawa a gidajen reno sun ɗan fi rigima da taurin kai, kuma ban ga dalilin ɓoye wannan ba. Idan za a iya rage tsawon yinin, misali uba ya kai shi a makare uwa ta ɗauko da wuri, a rage.

Idan kuma yaron ya ƙaunaci mai renonsa har yana miƙa mata hannu da safe, kishi zai ɗan sosa miki rai. Ki daure. Abin da kika fita nema kenan.

Yara nawa ya kamata mace ɗaya ta riƙe?

A Ingila doka ta ce babba ɗaya ga yara uku 'yan ƙasa da shekara biyu. Ga 'yan shekara biyu kuma ɗaya ga biyar, tun daga Satumbar 2023. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ita ma ɗaya ga uku ta ba da shawara ga waɗanda ba su shekara ba, kuma kada su wuce shida a ɗaki. Ki tambayi abin da dokar inda kike ta tanada, ki kuma nemi ganin takardar izini. Amma kada ki tsaya ga adadin da aka faɗa miki a ofis. Ki shiga ɗakin ki ƙirga kawuna da kanki.

Me zan duba idan na je ziyara?

Gani ya kori ji, amma ya danganta da lokacin da aka je ganin. Wani gidan reno da na taɓa dubawa, ranar farko da alƙawari na je. Bango ya sha fenti, ga zanen dabbobi, kayan wasa a jere kamar ba a taɓa taɓa su ba. Bayan kwana uku na koma wajen ƙarfe ɗaya na rana ba sanarwa, da sunan na manta wata tambaya. Mace ɗaya na tarar da jarirai bakwai. Ɗaya yana kwance an tokare masa fida da matashin kai yana sha shi kaɗai, madara na gangarowa ta bayan kunnensa. Wata ta yi kuka har muryarta ta dishe. Mai renon tana canza wa wani kunzugu, ta ɗago ta dube ni da idon wadda ta gaji tilis. Ban ga laifinta ba, hannu biyu gare ta.

Inda na ajiye ɗana daga baya fentinsa ya koɗe. Abin da ya saye ni shi ne wata ma'aikaciya da na tarar zaune a ƙasa, wani ɗan tatata ya kawo mata takalmi ƙafa ɗaya. Ta karɓa ta ce, "Takalmi! Na wa ne? Naka ne? Ina ɗayan? Je ka kawo in sa maka." Ya tafi yana tangaɗi ya dawo da shi. Wannan 'yar musayar, yaro ya yi nuni babba ya amsa, ita ce masana suka ce tana gina ƙwaƙwalwa a shekarun farko, kuma ba a iya shirya ta don baƙo.

Bayan wannan sai ki duba abin da ido ke gani: ana wanke hannu da sabulu bayan kowane canjin kunzugu? Wurin canjin yana nesa da inda ake haɗa abinci? Magunguna da kayan wanke-wanke suna kulle? An toshe soket? Akwai bokiti ko baho da ruwa a buɗe? Ɗan tatata yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, kuma ba a jin ihunsa. Ki tambayi ma'aikatan kansu tun yaushe suke aiki a wurin. Idan duk sababbi ne, akwai dalili. Wurin da ya ce iyaye ba sa shiga sai da izini, ki yi musu sallama.

Yaya ya kamata a kwantar da shi barci?

Rigingine, kowane barci, na dare da na rana, har ya cika shekara. Katifa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya, babu matashi, babu bargo mai laushi, babu 'yar tsana, kuma shi kaɗai a gadonsa. A nan ba na sassauci ko kaɗan. Mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci ta fi yawa tsakanin wata 1 zuwa 4. A 1992 likitocin yara na Amurka suka ba da shawarar daina kwantar da jarirai rub da ciki, aka fara gangamin wayar da kai a 1994, kuma irin wannan mutuwar ta ragu da fiye da rabi a ƙasar. Abin da ya sa batun ya shafi reno musamman shi ne jaririn da ya saba rigingine a gida, idan wata ta kifa shi don ya fi daɗewa yana barci, haɗarinsa ya fi na kowa. Ki yi wannan magana a ranar farko, ki maimaita a ta biyu. Idan ya kai yana juyawa da kansa ta kowane ɓangare, a kwantar da shi rigingine a bar shi ya zaɓi yadda yake so.

Zan ɗauki mai reno a gida. Me zan tambaye ta?

Da farko ta zama babba. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ita ma reno take buƙata, kuma makaranta ce wurinta. Ki nemi lambar gidajen da ta yi wa aiki ki kira da kanki, ki tambaye su abu ɗaya: "Da za ku sake ɗaukar ta?" Yadda suka yi jim kafin su amsa zai gaya miki abin da bakinsu bai faɗa ba.

Ita kuma ki ba ta misali ki ji ta bakinta. "Idan ya yi ta kuka, kin yi duk dabarunki ya ƙi shiru, ranki ya fara ɓaci, me za ki yi?" Wadda ta ce ita ranta ba ya ɓaci ba ta faɗi gaskiya ba. Amsar da ake so ita ce ta kwantar da shi rigingine a gadonsa, ta fita ta sha iska na 'yan mintoci, ta kira ki. Ki gaya mata ƙarara cewa jijjiga jariri da ƙarfi, ko na 'yan daƙiƙu ne, yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, makanta ko mutuwa. Mutane da yawa ba su san haka ba. Ki tambaye ta abin da za ta yi idan abu ya maƙale masa a wuya, in ba ta sani ba ku je ku koyi taimakon gaggawa tare.

Sannan a rubuta komai: lokacin zuwa da tashi, albashi da ranar biya, ranar hutu, da aikin da ke kanta. Idan kika ɗora mata shara, wanki da girki, ki sani daga lokacin ɗanki kika yanka. Wadda ake biya a kan kari ana kuma mutunta ta ita ce ke daɗewa, kuma daɗewar nan ɗanki ne ke cin ribarta.

Mahaifiyata ce za ta riƙe shi, amma tana yin wasu abubuwan da likita ya hana. Yaya zan yi?

Ki zaɓi yaƙinki. Kwanciyar barci, magani, ba jariri ruwa kafin wata shida, zuma kafin ya shekara, duka: waɗannan ba a yin shiru a kansu. Sauran, irin su wace riga aka sa masa ko ƙarfe nawa aka yi masa wanka, ki kau da kai. Ki kuma jingina maganar ga likita: "Mama, yadda kuka rene mu ba mu da abin cewa sai godiya. Likitansa ne ya ja mana kunne sosai a kan kifa shi, ya ce rigingine kawai har ya shekara. Ku taimaka mana da wannan." In suruka ce, ɗanta ya kamata ya faɗa. Kuma ko ta ce ba ta son ko sisi, kada hakan ya sa a manta da ɗawainiyarta.

Ina so ya ci gaba da shan nono. Zai yiwu?

Zai yiwu, da shiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Yarjejeniyar ƙwadagon da na ambata ta kuma tanadi hutun shayarwa a cikin lokacin aiki ba tare da yanke albashi ba, sai ki bincika ko dokar ƙasarki ta ɗauka. Ki fara tatsa mako biyu ko uku kafin komawa, wani ya riƙa ba shi da kofi ko fida, domin jarirai da yawa ba sa karɓa daga hannun uwa alhali suna jin ƙamshin nono a jikinta. A wurin aiki ki riƙa tatsa kusan duk bayan awa uku don kada ruwan ya ja baya.

Ƙa'idar ajiyar nonon da aka tatsa ta CDC, wato hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ita ce: awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firji, wata 6 a firiza. In ɗakin ya fi haka zafi, a sa a firji nan take. Wanda aka narkar a yi amfani da shi cikin awa 24, kada a mayar da shi firiza. A ɗumama shi a cikin kwanon ruwan ɗumi, a rubuta suna da kwanan wata a jikin kowace kwalba. Idan madarar gwangwani ce, a haɗa da tafasasshen ruwan da bai huce ƙasa da digiri 70 ba, a sanyaya kafin a ba shi, abin da ya wuce awa 2 kuma a zubar.

Yana tsala ihu duk sanda zan tafi. In sulale ba tare da ya gani ba?

A'a. Yaron da aka sulale masa yakan koma manne da uwa ko a gida, don bai san lokacin da za ta sake ɓacewa ba. Ki rungume shi, ki ce "Na tafi aiki, zan dawo bayan ka tashi barci," ki miƙa shi hannu da hannu, ki tafi. Kada ki dawo leƙe ta taga.

A Jamus akwai tsarin sabo da ake kira tsarin Balin. Kwana uku na farko uwa ko uba na zuwa tare da yaro su zauna ɗan lokaci a gefe, ba rabuwa. A rana ta huɗu a gwada fita na 'yan mintoci, daga nan a riƙa ƙarawa gwargwadon yadda yaron ya ɗauka. Ma'aunin ba rashin kuka ba ne, ana duba ko mai renon tana iya rarrashinsa ya yi shiru ya koma wasa. Ko'ina kike za ki iya kwaikwayon wannan. Kukan da yake ɓarkewa da shi da yamma idan ya hango ki kuwa, gajiyar yini ce yake sauke wa wadda ya fi yarda da ita.

Tunda ya fara zuwa mura ba ta barinsa. Laifin wurin ne?

Ba lallai ba. Ƙananan yara sukan yi mura sau shida zuwa takwas a shekara, masu zuwa gidan reno kuma sukan fi haka a shekarar farko. Ki tabbata riga-kafinsa ya cika, ki tambaya ko ana duba katin sauran yara. Mai gudawa ko amai ya zauna gida, a Birtaniya ƙa'idar ita ce awa 48 bayan na ƙarshe. Mai reno ta san alamomin da ba a jiran ki dawo: zazzaɓin digiri 38 ga wanda bai kai wata 3 ba, numfashi da ƙyar, ƙin shan nono, amayar da komai, taune-taune, ko yaro ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Kada a ba shi kowane magani sai da izininki. Idan kullum kina tarar da shi cikin nauyin barci kamar an bugar da shi, ki yi tambaya, domin akwai masu ba yara maganin mura mai sa barci don su huta.

Waya da talabijin fa?

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019: babu kallo ga wanda bai kai shekara 2 ba, ɗan shekara 2 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ni wayar da ke hannun mai reno ta fi damuna.

In sa kyamara?

In za ki sa, ki gaya mata, kuma ban da banɗaki da ɗakin kwananta. Kyamara kusurwa ɗaya take nunawa. In har zuciyarki ba ta kwanta da mutum ba sai kina kallonta a waya duk minti goma, wata za ki nema.

Waɗanne alamu ne za su sa in canza wuri?

Tabon duka ko taruwar jini a jikin jaririn da ko rarrafe bai fara ba, wannan a kai shi likita a ranar. Rauni da bayaninsa ke canzawa daga baki zuwa baki. Kunzugu jiƙe sharkaf da ƙuraje kullum. Yaron da bayan wata guda har yanzu yake firgita idan ya ga mutum ɗaya takamaimai. Mai reno da ba ta iya gaya miki komai game da yininsa sai "lafiya lau". Ƙananan saɓani kuwa, kamar an makara ba shi abinci ko an sa masa rigar wani, magana ce ke gyara su, domin yawan canji shi ma yana wahalar da yaro.

Ranar da tsarin ya rushe fa?

Zai rushe, ko mai reno ta kwanta ciwo ko yaron ya tashi da zazzaɓi ranar da kike da taro. Ku zauna da maigida tun yanzu ku yanke wa zai zauna gida a karo na farko, wa a na biyu, ku kuma samu mutum na uku da yaron ya sani. Ku ba gidan reno sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke shi a rubuce.

Ranakun da aka sauya tsari, wanda bai saba kai yaro ba ya kai shi, su ne ranakun da aka fi manta jariri yana barci a kujerar bayan mota, kuma mota a rufe tana ɗaukar zafi cikin 'yan mintoci. Mai tuƙi ya ajiye jakarsa ko wayarsa a baya kusa da yaron. Ku kuma yi yarjejeniya da mai reno: in lokacin kawo shi ya wuce da rabin awa ba ta gan shi ba, ta kira ku duka biyun har sai ɗaya ya ɗauka.